Kwana Biyar a Viyana Ina Bin Sawun Makaɗi da 'Yan Asiri

A cikin canjin da aka miƙo min a filin jirgin saman Viyana, babban birnin Ostiriya, bayan na sayi ruwan gora, akwai kwandalar yuro ɗaya mai hoton wani mutum mai naɗaɗɗen gashi kamar na tsofaffin alƙalan Turawa. Ina jujjuya ta a hannu ɗan yayata, wanda ya zo tarbata, ya leƙo ya ce, "Kawu, Mozart ke nan, shahararren makaɗin ƙasar nan. Kafin ka koma gida sai ka gaji da ganinsa." Ya ɗauki jakata, muka nufi tashar jirgin ƙasa, sai ya juyo yana murmushin tsokana ya ƙara da cewa, "Kuma ɗan ƙungiyar asiri ne."

Yaron ya san inda yake taɓawa. Ya sha zama a gefen majalisarmu yana jin yadda muke kwana muna musu a kan Firimeson da Iluminati, wannan ya ce su ke juya duniya, wancan ya ciro waya ya nuna bidiyon wani mawaƙi da ya rufe ido ɗaya da hannu. A wurinmu idan aka ce ƙungiyar asiri, abin da ke zuwa rai shi ne jan ƙyalle, ƙwarya cike da jini, da attajirin da aka ce ya ba da ɗansa. Ni dai taya shi murnar kammala digiri na biyu ya kawo ni, domin uwarsa ta ce ba zai yiwu a ce babu wani babba daga gida ba. Bikin kuwa awa biyu ya ɗauka. Sauran kwanakin sai na ce masa, tunda ka taso da maganar, sai ka kai ni inda abin ya faru.

Watan Nuwamba ne. Sanyin garin ba irin na hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, wannan jiƙaƙƙe ne, yana ratsa takalmi ya kama yatsun ƙafa. Ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi, har sai da na riƙa duba agogo sau biyu kafin in yarda magariba ta yi. Washegari da hantsi muka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a dandalin babbar majami'ar Stephansdom. Kafin in gama ɗaga kai in ga ƙarshen hasumiyar, wasu samari sanye da jajayen riguna da farin gashin roba sun kewaye mu suna tallar tikitin kiɗa. Kantunan da ke gefe cike suke da cakulan mai hoton mutumin, da kofuna, da laima, har da safa. A cikin wannan majami'a aka ɗaura masa aure da Constanze Weber a ranar 4 ga Agusta, 1782, kuma a nan aka yi wa gawarsa addu'a bayan shekara tara.

A bayan majami'ar akwai wani siririn lungu mai daɓen duwatsu, Domgasse. Gida mai lamba 5 shi ne kaɗai ya rage a cikin gidajen da ya yi haya a Viyana, ya zauna a ciki daga 1784 zuwa 1787, yanzu an mai da shi gidan tarihi. Sashensa a hawa na farko yake: manyan ɗakuna huɗu, ƙanana biyu, da kicin. Kusan babu kayan ɗaki, sai hotuna da takardu a cikin gilashi, da ƙasan katako mai ƙara idan an taka. Na tsaya a taga ina kallon lungun, ina lissafin cewa saurayin da ya kama wannan gida yana da shekara 28 ba ƙaramin kuɗi yake samu ba a lokacin.

Sai dai kafin a fahimci abin da ya kai shi ƙungiya, sai an koma baya kaɗan, kuma Bahaushe ba zai sha wuyar ganewa ba. An haife shi a Salzburg ranar 27 ga Janairu, 1756, mahaifinsa makaɗin fada ne, shi ma ya tashi makaɗin fada. Ubangidansu Akbishop Colloredo ne, wanda shi ne shugaban coci kuma shi ne sarkin garin. Makaɗi a wannan zamani bara ne, komai gwanintarsa. A 1781, da suka zo Viyana a tawagar ubangidan, Mozart ya rubuta wa mahaifinsa yana ƙorafin wurin zamansa a teburin cin abinci: ƙasa da masu yi wa maigida hidimar tufafi, sama kaɗan da masu dafa abinci. Wannan fa mutum ne da tun yana ɗan shekara shida yake kiɗa a gaban sarakuna. Da ya nemi a sallame shi, wani bafaden Akbishop mai suna Arco ya raka shi ƙofa da shuri a ɗuwawu. Daga nan ya zauna a Viyana yana cin gashin kansa, yana koyar da 'ya'yan masu hali fiyano, yana shirya wasanni yana sayar da tikiti.

Shekara uku bayan wannan shuri, ranar 14 ga Disamba, 1784, aka shigar da shi wani zauren Firimeson mai suna Zur Wohltätigkeit, wato Zauren Kyautatawa, wanda abokinsa Otto von Gemmingen ke shugabanta. Na zaɓi in kira abin zaure ne domin kalmar da suke amfani da ita tana nufin wurin taron da kuma jama'ar da ke taruwa a ciki. Sunan ƙungiyar kansa ma'anarsa 'yantattun magina. Ta samo tsarinta daga ƙungiyoyin masu sassaƙa dutse na Birtaniya, kuma a Landan aka kafa babban zaurenta na farko a 1717. Duk da cewa zuwa lokacin Mozart babu mai ɗaukar dutse a cikinsu, sun riƙe kayan sana'ar a matsayin alamu: warkin fata da ake ɗaurawa a ƙugu, cokalin gini, kamfas, ma'aunin kusurwa. Matakai uku ne, ɗan koyo, sai magini, sai gwani. Mutum shi ne ɗanyen dutse, a cewarsu, aikinsa ya sassaƙe kansa har ya dace da gini. Mozart ya hau mataki na biyu ranar 7 ga Janairu, 1785, bai daɗe ba ya kai na uku.

Abin da ya tsaya min a rai a wannan gida shi ne sunayen waɗanda ake zama da su. Zauren da ya fi kowane suna a Viyana shi ne Zur wahren Eintracht, Zauren Haɗin Kai na Gaskiya, shugabansa Ignaz von Born masanin ma'adinai ne. A can ake karanta maƙalu kan kimiyya da tarihi, suna ma da mujalla. 'Ya'yan sarauta, likitoci, hafsoshin soja, ma'aikatan gwamnati, masu buga littattafai, 'yan kasuwa, makaɗa, duk kalma ɗaya suke kiran juna da ita, ɗan'uwa. Ka ɗauki mutumin da aka zaunar kusa da kuku, ka kai shi ɗakin da ɗan sarki zai miƙo masa hannu ya ce ɗan'uwa. Ban ga abin mamaki a zuwansa ba. Da ƙin zuwa ya yi, shi ne zan nemi dalili. Kuma kada a manta, waɗannan 'yan'uwa su ne masu sayen tikiti, su ne masu ɗaukar malamin kiɗa.

A ɗaya daga cikin ɗakunan nan ne, a watan Fabrairu na 1785, Joseph Haydn, wanda ya girme shi da shekara 24 kuma shi ne babban makaɗin zamanin, ya zo sauraron sababbin kiɗe-kiɗen da Mozart ya rubuta. Kwana ɗaya kacal kafin nan, ranar 11 ga wata, aka shigar da Haydn zauren Born. Mahaifin Mozart, Leopold, yana garin ya kawo ziyara, kuma a daren ne Haydn ya faɗa masa cewa ɗansa ya fi duk wani mai tsara kiɗa da ya sani. Kafin tsohon ya koma Salzburg, a watan Afrilu, shi ma ya ɗaura warki. Ɗa ya riga uba shiga, ya kuma ja shi. Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ka ga ba a nan aka fara yaro ya kai babba makaranta ba." Na ce masa ya kiyaye ni.

Da rana muka taka zuwa gidan tarihin birnin a dandalin Karlsplatz, wanda aka sake buɗewa a ƙarshen 2023 bayan gyara, kuma babban ɓangarensa kyauta ake shiga. Hoto ɗaya na je gani, zanen fenti na wajen 1790 da ke nuna taron wani zaure a Viyana. Dogon ɗaki ne, maza sun jeru a gefe biyu, wasu da takubba a zare. A tsakiya ga wani an ɗaure masa ido da ƙyalle, sabon shiga ke nan. Na matsa har mai gadi ya dube ni. Abin da ya ba ni dariya shi ne, ana wannan babban al'amari amma rabin mutanen hira suke yi, wannan ya karkata wajen wancan, kamar 'yan ɗaurin aure kafin liman ya iso. A kusurwar dama ta ƙasa akwai wani ɗan ƙaramin mutum a zaune yana magana da na kusa da shi, masana da yawa suna cewa Mozart ne.

To ina asirin? Akwai shi, ba zan ce babu ba. Akwai rantsuwar cewa ba za a faɗi abin da ake yi a ciki ba, akwai kalmomin gane juna, da irin musafahar da suke yi. Amma a ranar 11 ga Disamba, 1785, shekara guda da shigar Mozart, Sarki Joseph na Biyu ya fitar da doka a kansu. Ya rage yawan zaurukan, ya ce kowane taro sai an sanar da hukuma, kuma a riƙa kai wa gwamnati jerin sunayen 'yan ƙungiya. Zauruka takwas na Viyana aka tattara su aka mai da su 'yan kaɗan, na Mozart ya narke a cikin wani sabo mai suna Zur neugekrönten Hoffnung. Mutane da yawa suka janye jiki, har Born kansa bai daɗe ba ya bari. Mozart bai bari ba. Ƙungiyar asirin da 'yan sanda ke riƙe da rajistarta ke nan. Shi ya sa ma aka san ranakun nan da nake kawowa: littattafan halartar taro suna nan a ma'ajiyar takardun gwamnati.

Iluminati kuwa, da muke haɗa su a baki ɗaya, wata ƙungiya ce daban. Wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Ingolstadt ta ƙasar Bavariya ranar 1 ga Mayu, 1776, ta riƙa kutsawa cikin zaurukan Firimeson tana neman mabiya, sarkin Bavariya ya haramta ta a 1784 da 1785, ta watse. Born yana cikinta, Gemmingen ma haka. Mozart ya zauna da su, ya yi musu kiɗa, amma sunansa a rajistar Firimeson yake.

Ranar Juma'a muka tsallaka kogin Danub zuwa babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1979. Bayan an idar muka ci shinkafa da nama a wurin wani Baturke, nan ne na faɗa wa yaron cewa kada ya ga ina yawon nan ya ɗauka wanke ƙungiyar nake yi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta ba da fatawar haramta shigarta a 1978, ni kuma ban da ja. Ya ce ai Kiristocin ma haka. Gaskiyarsa: Fafaroma Clement na Goma Sha Biyu ya haramta wa 'yan Katolika ita tun 1738, kuma fadar Vatikan ta sake jaddada haramcin a 1983. Sai dai a Viyana ta wancan lokaci ba a ɗauki haramcin da zafi ba. Mahaifin Sarki Joseph kansa ɗan ƙungiyar ne tun 1731. Mozart ɗan Katolika ne har ya mutu, yana rubuta kiɗan coci yana rubuta na zaure, a shekararsa ta ƙarshe ma an ba shi muƙamin mataimakin shugaban kiɗa na Stephansdom, ko da yake ba albashi.

Wurin da na fi jin mutumin a matsayin mutum shi ne wasiƙunsa na neman bashi, waɗanda yaron ya riƙa fassara min daga waya muna zaune a wani gidan shan gahawa muna jiran ƙafafuna su dawo hayyacinsu. Daga 1788 al'amura suka juya masa baya. Ostiriya ta shiga yaƙi da Daular Usmaniyya, masu kuɗi suka tsuke aljihu, wasanni suka ragu, matarsa ga laulayi ga ciwon ƙafa, cikin 'ya'ya shida da suka haifa biyu ne suka rayu. Albashinsa na fada gulden 800 ne a shekara, wato kuɗin ƙasar na lokacin, shi kuma mutum ne mai son tufafi masu kyau da gida mai faɗi, har teburin biliyad gare shi. Sai ya koma wa wani ɗan kasuwar yadi, Michael Puchberg, ɗan'uwa a ƙungiya. Wasiƙa bayan wasiƙa, kowace ta buɗe da kiran ɗan'uwa, sannan kunya, sannan alkawarin biya nan ba da jimawa ba, sannan adadin. Puchberg yakan rubuta a jikin takardar abin da ya aika, sau da yawa ƙasa da abin da aka roƙa. Jimillar ta kai wajen gulden 1,400. Duk wanda ya taɓa rubuta wa wani saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge, kafin ya tura "don Allah idan da hali," ya san muryar nan. A majalisarmu ana cewa wanda ya shiga ƙungiyar asiri ya rabu da talauci. Ga ɗaya nan, gwani mai mataki na uku, yana roƙon kuɗin haya.

Daren Asabar muka sayi tikitin tsayuwa, mafi araha, a ɗaya daga gidajen opera na birnin, muka kalli Die Zauberflöte, wato Sarewar Sihiri. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi maimakon a faɗa. An fara nuna wannan ranar 30 ga Satumba, 1791, a wani gidan wasa na bayan gari wanda talakawa ke zuwa, Mozart ya tsara kiɗan, mai gidan Emanuel Schikaneder shi ya rubuta labarin, shi ma ya taɓa shiga ƙungiyar a Regensburg. Ban san kan kiɗan Turawa ba, amma yaron ya ce in ƙirga uku kawai. Kafin a buɗe labule, duk makaɗan suka buga sauti mai nauyi, suka tsaya, suka sake, suka tsaya, suka sake. A tsakiyar kiɗan buɗewar aka dawo da shi, bugu uku sau uku, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Daga nan uku ta yi ta zuwa: mata uku, yara uku, ƙofofi uku. Ɗan sarki Tamino yana son shiga cikin jama'ar wani babban malami, Sarastro, sai an rufe masa fuska, an gwada shi da yin shiru, sannan ya ratsa wuta da ruwa. Na tuna mutumin da aka ɗaure wa ido a hoton Karlsplatz. Wato abin da aka yi rantsuwar ɓoyewa, an ɗauko inuwarsa an ɗora a dandamali ana karɓar kuɗin ƙofa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Papageno, mai kama tsuntsaye, wanda da aka ce ya zo a gwada shi ya samu hikima ya nuna shi abinci da abin sha da mata sun ishe shi. Schikaneder da kansa ya fara fitowa a wannan matsayi. Akwai kuma abin lura: zaurukan Viyana ba sa karɓar mata, malaman cikin wasan ma suna ta zagin mata da surutu, amma a ƙarshe budurwar, Pamina, ita ta kama hannun Tamino suka shiga wutar tare.

Sai Monostatos. A rubutun asali baƙar fata ne, bawa mai tsaron fursuna, mugu kuma matsoraci, an sa masa waƙa a baki yana cewa baƙi mummuna ne, fari ne kyakkyawa. Sarastro mai hikima ya sa a yi masa bulala 77 a tafin ƙafa. A daren da muka kalla ba a shafa wa ɗan wasan baƙi ba, amma yaron ya riga ya nuna min kalmomin. Na tsaya awa uku a kan ƙafafuna, ni da shi kaɗai baƙaƙe a layinmu, kiɗan yana shiga jikina ba tare da neman izini ba, kalmomin kuma suna nan inda suke.

Washegari ya ce akwai wanda bai gaya min labarinsa ba tukuna, ya ajiye shi ne sai na ga wasan. Ya kai ni dandalin Josefsplatz, a cikin fadar Hofburg, muka tsaya gaban mutum-mutumin Sarki Joseph a kan doki. Sunan wanda ya ajiye min labarin nasa Angelo Soliman. An haife shi wajen 1721 a Afirka, aka kama shi yana yaro aka sayar, ya faɗo Messina ta tsibirin Sisili, aka yi masa baftisma, aka ba da shi kyauta ga wani basarake, Lobkowitz, daga baya ya koma gidan sarautar Liechtenstein a Viyana. Masu binciken tarihinsa da dama suna danganta asalinsa da ƙasar Borno, suna cewa Babarbare ne. Da na ji haka sai da na sa yaron ya maimaita. Mutumin ya iya harsuna da yawa, gwanin dara ne irin ta Turawa, ya yi aure a 1768, ya zama mai tarbiyyar ɗan sarkin gidan. A farkon shekarun 1780 ya shiga zauren Born, har ya zama mai kula da tsarin bukukuwa, wato shi ke shirya sabon shiga kafin a kai shi gaban jama'a. Mozart yana yawan zuwa wannan zaure. Sun zauna ɗaki ɗaya, sun kira juna ɗan'uwa.

Soliman ya mutu ranar 21 ga Nuwamba, 1796. Ba a binne shi yadda ake binne mutane ba. An feɗe fatarsa aka ɗora a kan gunkin katako, aka yi masa ado da gashin tsuntsaye da wuri, aka tsayar da shi a ɗakin ajiye halittu na Sarki Franz na Biyu da ke wannan dandali, tare da cusassun namun daji, a matsayin samfurin mutumin jeji. Mutumin da ya shekara fiye da arba'in a Viyana yana sa tufafin fada. 'Yarsa Josephine ta yi ta kai kuka a ba ta abin da ya rage na mahaifinta ta binne, hukumar coci ma ta sa baki, aka hana. Zuwa lokacin zaurukan duk sun rufe, domin bayan juyin juya halin Faransa sabon sarkin ya tsorata da duk wani taron ɓoye, ya haramta su a 1795. Gawar ta ƙone a watan Oktoba na 1848, lokacin da sojoji suka yi wa birnin ruwan igwa wuta ta kama ginin.

Na daɗe ban ce komai ba. Na zo garin ina neman inda ake yi wa jikin ɗan Adam aika-aika a ɗakin duhu, ga shi na samu, amma ba a ɗakin duhu aka yi ba. Da umarnin fada aka yi, da sunan ilimi, aka kuma buɗe ƙofa jama'a su zo kallo. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton dokin, keken doki ya wuce da wasu 'yan Asiya sun lulluɓa da bargo. Yaron ya ce, "Kawu, mu tafi, sanyi zai kama ka."

Ranar ƙarshe muka koma tsakiyar gari, titin Rauhensteingasse, tafiyar minti biyar daga majami'ar. Gidan da Mozart ya mutu a ciki an rushe shi tun ƙarni na 19, bayan wani babban kanti mai suna Steffl ne a wurin yanzu, sai allo a bango. A nan ya kammala kiɗan kilarinet, wata 'yar'uwar algaita mai taushin murya, wanda ya rubuta wa abokinsa Anton Stadler, shi ma ɗan ƙungiya. A nan kuma ya rubuta aikin ƙarshe da ya kammala ya shigar a littafin lissafin ayyukansa da hannunsa, ranar 15 ga Nuwamba, 1791: waƙar buɗe sabon ɗakin taron zaurensu. Ya je ya jagoranci rera ta da kansa. Bayan 'yan kwanaki ya kwanta, jikinsa ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, ya cika ranar 5 ga Disamba yana da shekara 35, ya bar kiɗan jana'izar da wani basarake ya yi odarsa a ɓoye bai ƙarasa ba. Wata gajeriyar waƙar rufe taro da aka buga tare da waccan ta zauren, karinta ne taken ƙasar Ostiriya tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ko da yake masana yanzu sun fi karkata ga cewa wani ɗan ƙungiyar ne daban ya tsara ta.

Maganar cewa 'yan ƙungiyar ne suka ba shi guba don ya tona asirinsu a Sarewar Sihiri, shekara 70 bayan mutuwarsa ta fito, a rubutun wani Bajamushe mai suna Daumer a 1861. A zamanin 'yan Nazi, Mathilde Ludendorff, matar wani janar, ta sake hura ta, ta cusa Yahudawa a ciki. Schikaneder da ya rubuta kalmomin wasan ya rayu har 1812 babu wanda ya taɓa shi, zauren kuma taron makoki ya yi wa Mozart, aka buga waƙarsa ta ƙarshe aka sayar don a taimaka wa matarsa da marayu. Yaron ya ja hannuna ya nuna min tsallaken titi, gida mai lamba 3. Nan ne hedikwatar Firimeson ta Ostiriya a yau. Tsohuwar ƙofa ce kamar sauran ƙofofin layin. Na tsaya kusan minti goma ko zan ga mai shiga ko mai fita. Ɗan aike ne kawai ya wuce a kan keke da jakar abinci a baya.

Daga nan muka hau tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, mai lamba 71, wanda mutanen Viyana ke tsokana da shi, idan mutum ya mutu su ce ya hau 71, domin shi ke zuwa babbar maƙabarta. Mu a Sankt Marx muka sauka, muka taka ta gefen gadar babbar hanya har wata ƙofar jan bulo. An daina binne mutane a nan tun 1874. Ganyaye sun zube sun rufe hanyoyi, duwatsun kaburbura sun karkata, ƙarar motoci na zuwa daga sama. An binne shi ne a kabarin gama-gari irin na mafi yawan mutanen birnin a lokacin, babu alama, bayan 'yan shekaru a sake haƙa wurin a sa wasu. Wannan bai dame ni yadda yake damun Turawan da ke zuwa ba, mu ma ai ba ma rubuta suna. A inda ake kyautata zaton nan ne, an kafa guntun ginshiƙi mai karyayyen kai da ɗan gunkin mala'ika ya dafe kai. Wani ya ajiye kyandir a cikin jan gilashi, wani kuma cakulan guda ɗaya mai hotonsa, ruwa ya jiƙa takardar.

Wata tsohuwa mai sanda ta zo ta tsaya kusa da mu, ta gaishe mu da kai, ta yi wa yaron magana da Jamusanci. Ya ce tambaya take daga ina muke. Da ya ce Nijeriya sai ta ɗaga gira, ta ce wani abu mai ɗan tsawo. Na ce me ta ce? Ya ce cewa ta yi mun yi kuskuren lokaci, mu dawo ƙarshen Afrilu lokacin da furannin maƙabartar ke buɗewa. Na duba agogo, uku da rabi, hasken ya fara ja baya, ga la'asar ba mu yi ba. Muka juya muka nufi tashar tiram.